Taɓaryar Toma Tankifa

Duk wanda ya gaya muku Toma Tankifa ya taɓu bayan ya bar aiki, ku turo mini shi, ina nan gida. Ni ce Asibi matarsa. Shekara arba'in da ɗaya muka yi tare. In akwai mai ikon kiransa mahaukaci ni ce, kuma na kira shi ba sau ɗaya ba. Amma wani can da ko batir bai iya sa wa tocila daidai ba, wallahi bai isa ba.

Thomas ne sunansa a takarda. Mutanen Talatar Mafara suka mai da shi Toma, aikinsa kuma ya ƙara masa sauran. Daga ƙasar Zuru muka zo garin nan, yana ƙaramin akawu. Da aka fara ginin dam na Bakolori sai kamfanin Turawa ya ɗauke shi tankifa, wato mai tsayawa bakin ƙofa da agogo da littafi, yana rubuta lokacin da kowane lebura ya shiga da lokacin da ya fita. Aikin kamar don shi aka yi. Mutum ne da in na ce abinci ya kusa sai ya dubi agogon hannunsa ya ce, "Kusan nan minti nawa ne?" Addu'ar safe a gidanmu biyar da rabi ce, ba ƙari ba ragi. Na sha gaya masa ranar da mala'ikan mutuwa zai zo, sai ya fara duba ko ya makara.

Da gini ya ƙare Turawa suka tattara, wani ɗan Italiya mai aikin lantarki da suke shiri ya bar masa akwatin katako. A ciki akwai ƙarfen narka dalma, da wayoyi launi-launi, da matattun rediyo guda uku, da wani littafi mai kauri duk zane-zane. Lokacin Toma yana da shekara sittin da ɗaya, gwiwarsa ta hagu kuma ta fara ƙin shi. Na ɗauka zai zauna ya huta kamar sauran tsofaffi. Ina! Sai ya kafa tebur a rumfar ƙofar gida, ya maƙala tabarau a kan hanci, ya shiga karatun tsufa. In ba wuta sai ya cusa ƙarfen nan a garwashin murhuna, ina tsakiyar tuwo. Rediyon farko da ya gyara hayaƙi ya yi, ya ƙone mini mayafin tebur da na saƙa da hannuna. Na biyu ya yi magana, tashar Sakkwato ta fito tar, ranar nan ya kira ni har sau uku in zo in ji.

Masu zaman teburin mai shayi suka samu abin yi. Babbansu Sallau mai faci. Zai tsaya ya yi gaisuwa doguwa, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ƙafa, sannan ya ce, "Baba Toma, yau mi za a ƙone muna?" Toma ba ya tankawa. Ni ce mai tankawa. Na ce, "Sallau, gemu ba ya hana ilimi. Kai da naka gemun, ban da hura taya me ka sani?"

A Kirsimetin shekara ta biyu ɗanmu Francis ya zo daga Kaduna, inda yake aiki a masaƙa. Shi kaɗai ya rage mana. Ƙanwarsa Rhoda tana nan kwance bayan coci, zazzaɓi ya ɗauke ta tana shekara goma sha tara. Francis ya dubi teburin ubansa, ya dubi gwiwar, ya ce, "Baba, Mama, ku haɗa kaya. Na gyara muku ɗaki a bayan gidana. Me ya rage muku a Mafara?"

Shekara talatin muna garin nan. A nan na haihu, a nan na binne. Duk Lahadi in an tashi daga sujada nakan je in cire ciyawa a kan kabarin ɗiyata. In na tafi Kaduna wa zai cire?

Toma ya ce ba inda za shi, noma zai yi. Amininsa Malam Hamidu, mutumin Tsibiri da ya dawo nan bayan ruwan dam ya ci gonarsa ta gado, ya yi masa alkawarin aron wani yanki a bakin kanal, ya shuka shinkafar rani.

Francis ya ce, "Da wannan gwiwar, Baba? To in ta fid da kai, wa zai yi muku tsaron tsuntsu? Masu gona suna da 'ya'ya da jikoki. Ku fa?"

Suka yi ta ja, har Francis ya ce, "Shi ke nan. Ku noma. Amma in tsuntsu ya cinye, zan zo da babbar mota, kuma ba za a sake gardama ba." Toma ya miƙa masa hannu ya ce ya yarda. Na ji kamar in kwaɗa masa ludayin da ke hannuna. Na san mijina. In ya ce e, ko a kan gadon asibiti yake sai ya hau motar nan.

Shinkafa ta yi kyau, Malam Hamidu da mutanensa suka taimaka da dashe da ban ruwa. Amma wanda bai san jan-baki ba bai san tashin hankali ba. Ƙananan tsuntsaye ne, sai dai dubbai suke zuwa, daidai lokacin da ƙwaya take ruwa-ruwa kamar nono. In suka sauka minti kaɗan, abin da za su bar maka ƙaiƙayi ne. Mutane sukan zagaye gona da igiya, su rataya gwangwanaye, wani ya wuni a rumfa yana ja yana ihu tun fitowar rana har faɗuwarta. Shi Toma ba ƙafa, ni kuma zafin bazara ba ya barina in wuni a rana.

Wata safiya na nemi taɓaryata zan daka gero, sama ko ƙasa. Na leƙa rumfa, sai ga ta kwance a kan teburinsa, ya yi mata layi-layi da fensir yana buga mata ƙusoshi. Taɓaryar da uwata ta ba ni! Na ce, "Baban Francis, yau kam ka haukace."

Ya ce, "Zauna ki gani." Ya sa wani ɗan inji yana juya taɓaryar a hankali, zagaye ɗaya awa ɗaya. Duk sanda kan ƙusa ya taɓa wani ɓallin gwangwani, sai wuta ta bi waya daga batirin mota, injin share gilashi da ya ciro daga wata matacciyar Landiroba ya fizgi igiya, ham ɗin tifa kuma ya yi ƙara. Ya ce kowace ƙusa umarni ce, abin da ka rubuta wa inji shi zai yi. Ya ce ko kwamfutar da littafinsa ke faɗi haka take, sai dai nata ƙusoshin ba a ganinsu. Ƙusa goma sha biyu ya buga, ya auna tsakaninsu da rula. Duk minti biyar cif abin zai tashi.

Ranar farko a gona sai ka ce biki. Gwangwanaye suka kaɗa, ham ya ɗauka, jan-baki suka watse. Manoma suka baro gonakinsu suna kallo. Na dawo gida ta gaban teburin mai shayi da gangan, ina taku ɗaiɗai.

Rana ta huɗu Malam Hamidu ya aiko mu zo. Muka tarar da shi tsaye ya riƙe haɓa. Ya ce, "Toma, dubi ikon Allah. Tsuntsayen ga sun koyi agogonka." Muka zuba ido. Kafin ham ya tashi da kaɗan sai su ɗaga sama, ya yi ƙararsa ya gama, su sauko su ci gaba da ci hankali kwance. Wasu ma a kan igiyar suke jira. Gefen kanal gaba ɗaya ya riga ya tafi.

Labari ya riga mu isa gari. Sallau ya ce ai Baba Toma bai kori tsuntsu ba, ƙararrawar cin abinci ya yi musu. Ban ce masa komai ba, kuma a rayuwata ranar ce kaɗai.

Toma bai taɓa abincin rana ba. Can da la'asar ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Asibi, ki fara ɗaure kaya a hankali."

Nan na fashe. Na ce, "In ɗaure me? Ka ɓata mini taɓarya, ka ƙone mini mayafi, sannan ka ce in bar ɗiyata a ciyawa saboda tsuntsun da bai kai babban yatsana ba? Ba zan ɗaure ba! Kai ka ɗauka jan-baki leburorin kamfani ne da za ka yanka musu lokaci? Ni na yi tsaron dawa tun ina 'yar shekara bakwai. Ba a korar tsuntsu kan ƙa'ida. Sai ka yi lamo har su saki jiki, ka fizga. Suna dawowa ka sake fizga. Wani lokaci ka ƙyale su su yi ta shawagi suna jiran abin da bai zo ba."

Ya ɗago ya ce, "Lamon nan minti nawa ne?"

Na ce, "Ba shi da minti! Yadda raina ya ba ni ne."

Sannan ya tashi ya ɗauko tsohon littafinsa na tankifa, wanda yake da sauran shafuka.

Washegari da sassafe muka tafi gona. Ya kashe injin, ya ba ni igiya, ya zauna a kan bokiti da agogo da fensir. Na yi tsaro irin na ƙuruciya, ina ja ina zagin kakannin jan-baki, shi kuma duk fizgar da na yi sai ya rubuta lokacinta. Awa uku muka yi, na ce numfashina ya ƙare. Ya duba abin da ya rubuta: nan minti biyu, nan tara, nan sau biyu a jere, nan shiru har kwata. Ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ai ba tsari ba ne."

Na ce, "To, tsarin naka me ya tsare?"

Na ga yadda ya zare ƙusoshin nan goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, kuma na san abin ya yi masa ciwo. Mutumin da bai taɓa yarda hoto ya karkace a bango ba, ga shi yana buga ƙusa nan biyu a cunkushe, can fili fetal. Ranar Talata ya shiga kasuwa ya sayo taɓare biyu, ya zuba musu sauran awa biyun, don a riƙa canzawa kowace safiya kada tsuntsayen su haddace. Mai sayarwa ya tambaye shi ko aure zai ƙara.

Jan-baki ba su gane kan abin ba. Su sauko a tsorace, su tashi a firgice, har suka gaji suka koma inda ya fi sauƙi. Bayan mako guda ina shara sai ga Sallau a ƙofar gida, ya yi gaisuwarsa doguwa, taɓaryar matarsa a hammata. Ashe shi ma yana da 'yar gona. Na ce, "Au, Sallau, yau mi za a ƙone maka?" Toma ya ce in bar shi, ya karɓa ya buga masa ƙusoshi.

Francis kuwa labarin farko ne ya isa kunnensa, cewa tsuntsu ya gama da gonar. Ranar da muka fara yanka sai ga babbar mota ta tsaya a bakin kanal, ya sauko da takalminsa mai sheƙi. Ya bi gonar daga wannan kai zuwa wancan. Ya daɗe a gefen da aka cinye, don ɓarnar ba kaɗan ba ce, ni kuma na san in ya ce tsuntsu ya cinye, ubansa ba zai yi musu ba. Sannan ya wuce cikin sauran, inda zangarniya ta sunkuya don nauyi. Ya dawo rumfa ya tsuguna gaban taɓaryar, yana shafa ƙusoshin.

Ya ce, "Baba, wane irin lissafi ne wannan? Ba kai ba gindi."

Toma ya ce, "Ba lissafina ba ne. Halin mamarka ne na rubuta."

Francis ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, daga nan na ga yana share ido da bayan hannu. Ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya karɓi lauje a hannun Malam Hamidu. Motar da aka kawo don kwashe mu ita ta kai mana shinkafa gida, ta koma Kaduna da buhun da na ware wa jikokina.

Toma ya ƙara shekara tara yana ƙone mini mayafai. Yanzu yana kwance bayan coci, taku uku tsakaninsa da Rhoda, ciyawar mutum biyu nake cirewa. Bayan an yi jana'iza Francis ya sake tayar da maganar ɗakin bayan gidansa, ya ce yanzu kam ba ni da hujja. Na kama hannunsa na kai shi wurin, na nuna masa filin da ya rage tsakanin ubansa da ƙanwarsa. Na ce ya gaida mini yara.