Ramar Ɗa, Kunyar Uwa

A ƙauyenmu na bakin ruwa, kusa da Ngaski, da an idar da magariba ake hura wutar bandar kifi. Nan muke zagaye kakata, wadda duk gida ke kira Inna Babba. Tana juya tarwaɗa tana ba mu tatsuniya, hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai matsawa.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wai wata mata ce mai rowar ludayi, ɗanta ya rame kamar sillen kara. Ranar da hadari ya taso, iska ta sure shi daga cikin kwalekwale, ba a sake ganinsa ba. Ɗan maƙwabciya kuwa, mai manyan kumatu, ya zauna daram. Sai ta nuna mu da tsinken hannunta ta ce, "Kun ji ko? Ramar ɗa, kunyar uwa ce."

Ita ta ga yunwa, ta binne 'ya'ya uku, ba na ganin laifinta. Amma ni da ban ga yunwar ba, na ɗauko maganar nan har gidan aurena a Yelwa. Da na haifi Sadiku na rantse ba mai yi mini gori. Taliyar leda da safe, lemon kwalba da biskit in ya taso makaranta, ko nan da can sai kan kabu-kabu. Mata na cewa, "Tubarkalla, ɗan hutu!" kaina na kumbura.

Bara, yana shekara goma sha ɗaya, ya fara yawan fitsari, wuyansa ya yi baƙi, in ya hau tudu sai haki. Likita ta ce ciwon suga ne, irin na manya, kuma yara irinsa kullum ƙaruwa suke. Haushin kaina ya hana ni cin abinci ranar. Ashe darasin zamanin yunwa na ɗura wa ɗana da hannuna, ana tafa mini.

Tun daga lokacin na yanke masa lemo da taliya. Makon jiya na kama yayata Hajara tana miƙa masa lemo a ɓoye.

"Haba, ki bar yaro ya ci arzikinsa," in ji ta. "Duk kin ramar da shi. Me mutane za su ce?"

Na fizge kwalbar na tuttular a ƙasa.

"Yaya, cikin mutanen nan wa ya raka mu asibiti? Su ce!"

Sadiku ya yi kuka, bai kula ni ba sai washegari. Yaya ba ta sake tako gidana ba, ni ma ban aika ba.