Tantabarun da Inna ta ba ni

Har yanzu in na tuna ranar Larabar nan sai raina ya tafasa.

Sati biyu ke nan da maigidana ya sayi bindigar toka wurin wani maharbi a nan Gummi, wai zai koyi harbin hasbiyoyin da ke ci mana shinkafa a fadama. Kullum sai ya dawo da warin albarushi da ciwon kafaɗa, ba tsuntsu ko ɗaya. Ni ce ma mai ba shi haƙuri, don a zuciyata na mai da shi jarumin littattafan da nake karantawa.

Ran nan ya shigo yana taƙama, riƙe da tsuntsaye biyu a fige. Har guɗa na yi! Na zauna zan gyara su, sai na ga jan zare a ƙafar ɗaya. Inna ce ta ɗaura shi da hannunta, ranar da aka kawo ni daga Anka da tantabaruna takwas.

Na ce, "Malam, yaushe hasbiyar daji ta fara ɗaura zare?"

Ya sosa ƙeya. "Haba Rabi, abokai na ta yi mani dariya. Na dajin ba su tsayawa. Waɗanga ko, ina watsa gero suka taho da kansu."

Suka taho da kansu! Ai dole su taho, tunda a tafin hannuna suke cin abinci.

'Yan uwa, ku gaya mani tsakani da Allah, wannan farauta ce?

Ni dai ban dafa ba. Washegari na sa shidan da suka rage a kwando, na hau mota na mayar wa Inna.