Wasiyyar Babana da Gonar Kagoro

Babana ya rasu a shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira. Hedimasta ne mai ritaya. Ya bar Mama da mu 'ya'ya mata uku, da gida a Kafanchan, da gona a Kagoro. Ni ce babba, ina koyarwa a makarantar mishan a Manchok.

Kwana huɗu da binne shi, ƙanensa ya zo ya ce wa Mama ta fara tattara kayanta, tunda babu ɗa namiji gida na dangi ne. Na ɗauko wasiyyar da Baba ya rubuta da hannunsa, na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "'Yata, a wurinmu takarda ba ta raba gado."

"Baba ƙarami, ga sa hannun Pasto a ƙasa, ga na wani dattijon cocinmu."

"To ki kira su."

Dattijon ya riga Baba rasuwa. Na je wurin Pasto. Mutumin da ya ci tuwon Mama shekara da shekaru ya ce in yi haƙuri, 'yan'uwa cikin Almasihu ba sa kai juna kotu. Na fita daga gidansa ban yi sallama ba.

Ban san lauya ko ɗaya ba. Wata nas da muke zumuntar mata ta coci tare ta ce in je Kaduna, na hau jirgin ƙasa. Lauyan farko ko takardar bai taɓa ba, ya tambaye ni ina mijina. Na tashi na bar masa kujerarsa. Na biyu wani tsoho ne, ofishinsa a saman shagon masu gyaran keke. Ya karanta wasiyyar sau biyu.

"Malama, rubutun nan daidai yake, amma ba shi da ƙarfi sai babbar kotu ta tabbatar da shi," in ji shi.

Ya ce zan kawo takardar shaidar rasuwa, in rubuta duk abin da Baba ya mallaka har kujeru. Shaidan da ke raye zai rantse cewa a gabansa Baba ya sa hannu. Za a yi sanarwa don mai ja ya fito. In ba a samu ba, sai a ba ni takarda mai hatimi in zartar da wasiyyar.

"Gida za ku samu, shi ya sayi fili ya gina. Gonar kuwa ta kakanni ce, ba shi da ikon bayar da ita."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban biya kuɗin jirgi don in ji abin da aka riga aka gaya mini a gida ba."

"In kika haɗa da gonar, za ki shekara biyar a kotu, kuma ba za ki ci ba. Zaɓi naki ne."

Na bar gonar. Har yau ban huce ba.

Kusan shekara guda ina zirga-zirga. Pasto, da ya ga wasiƙar lauya, ya zo Kaduna da gogaggiyar riga, ya rantse cikin minti biyu. A hanyar dawowa har yana ba ni gyaɗa. Baba ƙarami kuwa bai ko leƙa kotu ba. Da na kai masa takarda mai hatimin, ya juya ta, ya ce dama shi bai taɓa nufin korar kowa ba.

Mama ta zauna a gidanta har ƙarshen ranta. Amma cittar da ta shuka a gonar, 'ya'yan Baba ƙarami ne suka tone. Suka aiko mata da kwando ɗaya, ta karɓa har da godiya. Washegari na ɗora kwandon a motar Kagoro, na ce direba ya sauke shi a ƙofar gidansu.