Rawar Mushe Munkaila a Bayan Rumbu

Shekara ashirin da bakwai Mushe Munkaila (haka ake kiran malamin boko a Nijar, "Mushe") ya yi yana koyar da Ingilishi a kolej ɗin Dogon Dutsi, kuma duk wanda ya ratsa ajinsa, ko ya manta komai, ba ya manta kalma guda: revelry. In ranar darasinta ta zo, sai ya rubuta ta a allo ya ajiye alli.

"Ba biki na ba kurum," in ji shi. "Biki ana yi nai zaune. Wagga sai an yi kiɗi da ihu da dariya, ƙafa ta ƙi zama wuri guda."

Sannan ya tattare riga ya gwada musu, yara na buga tebur. Ba a aji kaɗai ba, duk suna ko auren da aka yi daga nan har Tibiri, shi ke buɗe fili. Mutum ne siriri, amma in ya taka sai makaɗa sun yi gumi.

Sai ga auren Zalihatu, 'yarsa ta fari. Nan fa ake yin ta! Uba ba ya rawa a bikin 'yar fari, ko sunanta ba ya kamawa, saboda kunya. Tun da aka haife ta "waccan" yake ce mata. Ya yi wa 'ya'yan kowa rawa, tasa kuwa an ce ya zauna cikin dattawa ya haɗe rai.

Ya zauna ɗin. Kalangu na tashi a cikin gida, babban yatsansa na motsi cikin takalmi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Da la'asar ya ɗauki buta kamar mai uzuri, ya zagaya bayan rumbu inda ba kowa sai awaki, ya tuɓe takalma ya shiga takawa shi kaɗai.

Ya manta tagar ɗakin amarya bayan rumbun take kallo.

"Baba," ya ji murya, ana dariya ana kuka, "juyo mana, ban ganin ka da kyau."

Ya tsaya cik, ƙafa ɗaya a sama. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Awaki ne kawai. Sai ya juyo ya fuskanci tagar, ya gyara tsayuwa.

"To duba da kyau, Zalihatu," ya ce. "Wagga taki ta."