Sito Cike da Gatura

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na buɗe wa Yallaɓai Mamman ƙofar sito a Zango ba, ina washe baki kamar ango. A lokacin ina malamin daji, mataki na shida, shekarata goma sha ɗaya a bakin aiki. Ga wanda bai san aikinmu ba, malamin daji shi ne mai tsaron itatuwa, na gandun gwamnati da kuma waɗanda doka ta hana sarewa ko da a gonar mutum suka fito, irin su gawo da kuka da tsamiya. Mai son sara ko rage reshe sai ya zo ofis ya nemi takardar izini. Wanda aka kama ba takarda a ƙwace gatarinsa, in ya yi taurin kai a kai shi gaban alƙali.

Shekarun farko ne na ƙaddamar da shari'a, ko'ina maganar amana ake yi, ni kuwa na ɗauki abin da zafi. Ko ƙwayar goro ban taɓa karɓa a hannun manomi ba, kuma da wannan nake taƙama. Amma fa ba ni da sassauci ko kaɗan. In na jiyo sara daga nesa sai in kashe babur in riƙa tura shi, don kada ƙararsa ta tona ni. Mata masu neman itacen girki da sun hango kakina sai su watsar da kaya su ruga. Ni a wautata wannan shi ne kwarjini.

Ana nan sai shugaban shiyyarmu ya yi ritaya. Mu biyu aka sa wa ido, ni da Malam Idi na Dutsi. Ƙa'ida ita ce a duba fayil ɗin kowa, sannan babban jami'i ya zo daga Katsina ya ga aikin da idonsa. Wallahi ban ɗauki Idi a bakin komai ba. Mutum ne da za ka tarar a gindin bishiya yana shan fura da manoma, ya shekara bai kama mutum uku ba. Har suna na sa masa, Idi Ba-komai, don duk laifin da aka kawo masa abin da zai fara cewa ke nan. Ni kuwa tun kafin a zo dubawa na ba tela sabon kaki, na ce wa mai ɗakina ta fara shirin komawa Daura, inda ofishin shiyya yake.

Yallaɓai Mamman, wato jami'in da aka turo, ya iso da bazara, lokacin sassabe. Na kai shi sito. Gatura ne jibge har rabin bango, kowane da 'yar takarda ɗaure a ƙotarsa, da sunan mai shi da garinsu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Lawal. To, na ga gatura. Mu je in ga itatuwa."

Muka shiga motarsa zuwa wani ƙauye arewa da Zango. Hanyar da nake bi kullum ce, amma sai ranar na lura gonakin fayau suke, sai tsofaffin bishiyoyi jefi-jefi. Muka tarar da wani dattijo, Malam Na-Allah, ya duƙa da dagi yana tono wani ɗan gawo da bai kai gwiwa ba, har saiwa.

Yallaɓai ya yi sallama suka gaisa, ya ce, "Baba, gawo ne fa, abokin gero."

Ya ce, "Na sani, Alhaji. A gindin gawo mahaifina ya fi samun dami."

"To, me ya yi zafi?"

Tsohon ya dubi kakina, ya ci gaba da tononsa. Yallaɓai ya ce, "Faɗi, Baba, ba abin da za a yi maka."

Ya ce, "Yau nawa ne, tunda ƙarami ne. In na bar shi ya kai tsayin mutum, ya zama na Malam Lawal. Reshe ya tare mini shanun huɗa, ba ni da ikon taɓawa. Awakina su yi ta kuka da rani, ba ni da ikon saro musu ganye. Gara in kashe shi tun yanzu mu zauna lafiya."

"Kai kaɗai kake haka?"

"Haba, Alhaji. Duk garin nan."

Maimakon in ji kunya sai na yi caraf na ce, "Ranka ya daɗe, jahilci ne ke damunsu." Har yau in na tuna wannan kalma, a gaban mutumin da a haife ya haife ni, sai in ji kamar in nutse.

Yallaɓai ya yi wa tsohon sallama, muka koma mota. Ya ce, "Lawal, ba ka ci amana ba, na shaida. Amma an ɗauke ka aiki ne don itace ya yawaita, kai kuma ka ɗauka don kamu aka ɗauke ka. In na ba ka shiyya, duk malaman dajin da ke ƙarƙashinka halinka za su koya."

Idi aka ba. Kuna tsammani na hankalta? Ina! Kusan shekara biyu ina cika ina batsewa, ina gaya wa duk mai saurare cewa ɗaurin gindi gare shi. Shi ɗin dai da nake zagi, ranar nan ya zo ya ce, "Malam Lawal, hau mu je Dutsi ka raka ni." Ya goya ni a babur ɗinsa. Na ga manoma suna ɗaura tsumma a jikin tohon da suke so ya girma, don kada masu sassabe su sare. Ashe tun da daɗewa ya zauna da dagatai, aka yarda duk wanda ya raini itace a gonarsa yana da ikon rage reshe, muddin bai kashe uwar ba. Gonaki ga su nan da inuwa, ba wanda ya gudu da ya gan mu.

Na nemi izinin Idi, na je wurin masu gari na ce kowa ya zo ya karɓi gatarinsa. Da yawa ba su zo ba, sun zaci tarko ne. Sai da na yi damina uku ina bin gona-gona, ina zama, ina cin tuwon mutane, kafin su yarda su fara barin toho. Malam Na-Allah kuwa ya rasu ban je na nemi gafararsa ba, kullum ina cewa sai gobe.

An ba ni shiyya daga baya, saura shekara uku in yi ritaya. Ku yaran yanzu kun ɗauka ƙarin girma takarda ce da ke zuwa daga Katsina. Takardar tana zuwa, amma sai mutum ya fara gane abin da aka ɗauke shi ya yi, kuma a aikin nan namu ba a raya itace sai da yardar mai gona.

Ba jinkirin muƙamin ne ke damuna ba yanzu. In kun bi ƙauyukan arewacin Zango ku dubi gonaki da kyau. Za ku ga manyan gawo na zamanin kakanni, za ku ga matasa da suka taso daga baya, amma tsakaninsu ba za ku ga ko ɗaya ba. Wannan giɓin shekarun aikina ne, kuma duk manomin yankin ya san wanda ya yi shi.