Busar Jirgi a Keken Marlys

Arlo Niemi irin mutanen nan ne da in ka tambaye su ƙarfe nawa, sai su fara ba ka tarihin agogo. Shekara talatin da ɗaya muka yi tare a tashar jiragen ruwa ta Duluth, garinmu mai tsananin sanyi da ke bakin wani babban tafki, ni ina fama da wayoyin lantarki, shi yana kula da injinan loda hatsi. Asabar ɗin farkon kowane wata mukan haɗu a ɗakin ƙasa na cocin unguwa, mu goma sha wani abu, masu aƙidar cewa bai kamata a kulle manhaja ba. Mu sha kofi mai ɗaci, mu yi ta gardama. Arlo ne uban tafiya, ko da yake ba wanda ya naɗa shi.

Manhaja ɗaya tak ya rubuta a rayuwarsa, 'yar ƙarama, mai sarrafa injin da ke aiki da batir. Ya sa ta a intanet kyauta, da lasisin da muke ji da shi. Sharaɗin ba wuya: ɗauka, canza, sayar ma in ka ga dama, amma duk wanda ka sayar wa na'ura da ita a ciki, sai ka ba shi asalin rubutun har da abin da ka canza, don shi ma ya iya gyarawa. Arlo ya sa mata alama irin tasa. Da an kunna, sai ta yi ƙara uku, doguwa ɗaya, gajeru biyu, kamar yadda jirage ke gaida gadar garinmu in za su shigo.

Matarsa Marlys ta yi shekara ashirin da shida tana tuƙa motar 'yan makaranta. Mace ce da zaman gida ke sa ta ciwon kai. Da ciwon jijiya ya kama ta, ya fara da ƙafafu, likita ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa hannuwa za su biyo baya. Inshora ta kawo keken guragu mai batir, na wani kamfani da ke can kudu. Ina falonsu ranar da aka kunna shi. Doguwa ɗaya, gajeru biyu.

Marlys ta yi dariya har da hawaye. "Tsoho," ta ce, "ashe ko a gurguntar ma ba zan rabu da surutunka ba."

Arlo kuwa murna kamar an yi masa haihuwa. Ni dai na duba kwalin da takardun kaf, ban ga sunansa ba, ban ga lasisin ba. Na nuna masa, ya ce mantuwa ce.

Abu ɗaya Marlys take so a duniya lokacin: ta gangara bakin ruwa ita kaɗai ta kalli jirage, ba mai tura ta, tun hannunta na iya riƙe sandar tuƙi. Cikin Disamba ta fita kallon jiragen ƙarshe kafin tafkin ya daskare. Keken ya mutu mata a kwanar layi, batir cike. Minti arba'in ta yi cikin dusar ƙanƙara kafin wata maƙwabciya ta hango ta.

Arlo bai ko duba keken ba ya san matsalar. Kuskurensa ne, na tsohon rubutu: in sanyi ya yi tsanani, manhajar takan ɗauka batir ya ƙare, ta kashe injin. Ya gyara shi tun shekara shida baya, layi huɗu kacal. Amma mutanen kamfanin tsohon rubutun suka ɗauka, suka yi masa ƙare-ƙarensu don ya dace da kekensu, suka kulle. In ba nasu rubutun a hannunsa, ba inda zai sa layukan nan huɗu.

Ya rubuta musu wasiƙa mai ladabi, har da godiya don sun yi amfani da aikinsa. Suka ce an miƙa wa sashen da ya dace. Ya sake rubutawa, suka ce kada a fita da keken cikin sanyi, yana rubuce a shafi na arba'in. A Duluth! Wato a zauna a ɗaki rabin shekara.

Akwai lauya a cikinmu, Berit Solheim. Ta ce masa shi ne mai haƙƙin mallaka, ya bari ta shigar da ƙara, ba ta son ko sisi. Arlo ya ƙi. Mu a al'adarmu ba a farawa da kotu. Lallami ake yi, a koya wa kamfani, a ba shi lokaci, don burin shi ne a buɗe rubutu, ba a kunyata kowa ba. Arlo ya yi shekara ashirin yana mana wannan wa'azin, kuma ni ma na sha gyaɗa kai. Yanzu ina jin haushin kaina.

Na same shi a gareji na ce, "Mutumina, kawo sukundireba mu ɓalle akwatin manhajar keken nan, mu haɗa namu. Kwana uku mun gama."

"In na ɓalle, inshora ta zare hannu daga keken gaba ɗaya," ya ce. "Kuma sauran masu irin keken fa? Suna Fargo, suna Winnipeg, su ma sanyin nan ne."

"Su ba matanka ba ne."

Ya ce dai mai haƙuri shi kan dafa dutse. Na ce masa Marlys ba ta da lokacin jiran romo.

Hunturu biyu suka wuce a haka. Wasiƙa goma sha bakwai, kowace da kwafinta a jaka. Marlys tana zaune bakin taga, ta daina tsokanarsa, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan. Da bazara takan fita kaɗan, amma hannun dama ya fara sanyi, sai ta koma tuƙi da hagu. A hunturu na biyu Arlo ya sauko, ya ce Berit ta rubuta musu da hatiminta. Sati biyar aka yi, sai ga faifai a ambulan, da takarda mai cewa sun cika alƙawarin lasisi.

Ya kira ni, muka buɗe tare. Ya yi ta gangarawa cikin rubutun, can ya tsaya ya cire tabarau. Ba rubutun kamfanin ba ne. Wani ma'aikacinsu ne ya shiga shafin Arlo, ya sauke sabon rubutunsa, ya kwafa a faifai ya aiko masa. Har layukan nan huɗu suna ciki, da sunansa a kai. Berit ta shigar da ƙara a watan, amma kamfanin ya riga ya sayar da sashen kekuna ga wani, sabon mai shi ya ce injiniyoyin sun watse, ba wanda ya san inda rubutun yake. Shari'ar tana nan har yau.

Kafin ƙanƙarar ta narke, hannun hagun ma ya tafi. Yanzu Arlo ne ke tuƙa keken daga baya, daga gado zuwa taga, daga taga zuwa gado. Na je gaishe su wata Lahadi da safe, ya danna maɓalli, keken ya yi gaisuwarsa. Marlys ta rufe ido.

"Arlo," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "cire min ƙarar nan. Kullum sai na ɗauka za ni bakin ruwa."

Ya ce to. Layi ɗaya ne, ya san lambarsa da ka. Ya daɗe tsaye yana kallon akwatin, sannan ya shiga kicin ya ɗauko salatif, ya durƙusa ya liƙe 'yar kafar da sautin ke fita, ninki uku. Ya sake kunnawa. Ana ji har yanzu, sai dai kamar daga nesa.