Wankan da Ban Yi wa Yaya Ba

Akwai wani hantsi a unguwar Ruwais wanda nake jin da shi za a sa ni a kabari, don shekaru sun shuɗe bai dusashe mini ba.

Umara ta kawo ni Jidda, na zauna, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafili mai tsaya mini. Aikin da ya same ni shi ne jinyar tsofaffin da asibiti ya sallama, aka ce a kai su gida a jira ikon Allah. Ni ke juya su, ni ke share su, ni ke ɗiga musu zamzam a leɓe da auduga.

Haka aka kai ni wurin wata tsohuwa. Tana yarinya iyayenta suka tako da ita daga ƙasar Hausa, a nan ta yi aure, 'ya'yanta duk 'yan ƙasa ne masu takarda. Da ciwo ya ci ƙarfinta sai Larabci ya gudu daga bakinta, ya bar mata Hausar ƙuruciya. 'Ya'yan suna tsintar rabi, rabi ya wuce su. Shi ya sa suka nemo ni.

Wata bakwai muna ɗaki ɗaya. Ina ce mata Yaya, tana ce mini ƙanwata. In ina goge mata baya sai ta ce hannuna kamar na mai sussuka, wai in sassauta, ba gero ba ce. Ran nan ta riƙe mini wuyan hannu ta ce, "Ke za ki wanke ni. Kada ki bar ni hannun wadda ba ta san sunana ba." Na amsa da bakina, ban tambayi kowa ba. Har kasuwar Bab Makka na je na sayo ganyen magarya da kafur na ajiye.

Da hantsi ta cika. Kafin nan na laƙana mata kalmar shahada, da rai ya fita na rufe mata ido, na ɗaure mata haɓa, na miƙe ƙafafun. Sannan na shiga kicin na ɗora ruwa a wuta, yadda muke yi a gida. A nan babban ɗanta ya same ni. Ya ce a garin nan ba a wanke gawa a ɗaki, sai likita ya zo ya rubuta takarda, kuma askar, wato 'yan sanda, na iya biyo shi. In suka tarar da ni, ni a sa ni a jirgi a mayar da ni gida, shi kuma ya shiga uku. Na faɗa masa alƙawarin. Yana hawaye ya ce, "Yalla ya khala, halas," wato tafi inna, zance ya ƙare. Ya buɗe mini ƙofar baya.

Na laɓe a jikin wani kanti har mota ta ɗauke ta, na bi su masallacin da ke da ɗakin wankan gawa. Matar da ke bakin ƙofa ta tambaye ni mece ce ni a wurin mamaciya. Na ce ƙanwarta. Ta juya wajen 'ya'yanta mata uku, waɗanda na koya wa yadda ake ɗaga kan uwarsu. Duk suka sunkuyar da kai. Aka rufe ƙofa, ina jin zubar ruwa daga ciki.

Ban ce mugaye ba ne, tsoro ne.

Na yi jinyar wasu da yawa bayanta, ban sake yi wa kowa alƙawarin abin da zai biyo bayan fitar rai ba, don na gane nan ba hurumin mara takarda ba ne. Nawa rabon yana nan muddin mutum yana numfashi. Saboda haka kowace safiya nake wanke majinyacina a natse, daga dama zuwa hagu, ina kiran sunansa yana ji.